Shekarar da Na Bi Sawun Majinyatan Baba

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke ji idan kun je Fagam gaisuwar sallah. Ba a gaban idonku ake faɗa ba, amma ana faɗa: wai uwarku ce ta kashe sunan gidan Malam Mai Sassaƙe, ta tsallake maganin ubanta ta kai kanta asibiti aka yanka ta. Rabin maganar gaskiya ne, don kuwa an yanka ni, kuma ga ni nan zaune ina cin tuwo har da neman ƙari. Ɗaya rabin nake so in gyara muku tun bakina yana motsi, domin idan na bar wa matan bakin rijiya, to nasu labarin ne zai kai kunnen jikokina.

Kakanku mai maganin ciwon daji ne, ya gada a wurin mahaifinsa, kuma sunansa ya yi nisa. Daga ƙauyukan Gwaram ake zuwa, daga ƙasar Birnin Kudu ake zuwa, har daga tsallaken Bauchi na ga an kawo mace a amalanke. Dokar gidanmu ɗaya ce, ko yaron goye ya san ta: daji ba ya son ƙarfe. Baba ya yi imani cewa da zarar allura ko aska ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu a jiki. Saboda haka duk wadda ta shigo ɗakin jinya sai ta cire 'yan kunne da zobe, a akushi za ta ci, da ludayin duma za ta sha, ƙofar ɗakin ma asabari ce don kada a kafa ƙusa. Shi kansa maganin ba a haƙo shi da dagi. Da wani icen ƙirya mai tsini Baba yake tonon saiwa, ɓawo kuwa da dutse yake ɓamɓaro shi. Sannan akwai wani abu da ya kamata ku gane, don a kansa komai ya rataya: yawancin masu zuwa mata ne, ciwon kuma a nono yake, Baba kuwa bai taɓa ɗora ido ko hannu a jikin matar wani ba. Yana zaune ne a bayan zana, Inna tana ciki tana taɓawa tana faɗa masa abin da yatsunta suka ji. Da kunnensa yake gane ciwo.

A shekarar da nake ba ku labari, sanyi ya kama yatsun Inna suka kanannaɗe, ko tsintar wake ba ta iyawa. Yayyena maza kuwa tuni ɗaya ya bi tuƙin mota, ɗaya ya tafi Kano kasuwanci, ko ganyen sabara ba sa bambancewa da na kalgo. Ina gidan babanku a Surko, ku kuna ƙanana, sai ga Baba da kansa ya yi sallama da hantsi. Shi da ba ya zuwa gidan suruki! Na laɓe a bayan ƙofar zaure, kunnena kamar zai fita ya bar ni, na ji yana cewa babanku:

“Malam, aro na zo nema. Uwata nake so ta riƙa zuwa tana zame mini hannu. Abin da ke kaina ba na so in tafi da shi kabari, ita ce kuma mai tambayar tsiya tun tana yarinya.”

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Babanku bai gama cewa to ba na yi wata guɗa da ta kori kaji daga tsakar gida. Na manta da laɓewa nake yi. Wallahi ranar ji na yi kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha don murna. Tun ina 'yar ficiciya nake bin Baba da ido idan ya rataya burgami ya nufi duwatsu, ina kuka a tafi da ni, ana cewa mace ba ta zuwa. Yau ga shi ya tako da ƙafarsa yana nema.

Kai, wannan damina! Ban taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin ba. Babanku zai ɗauko ni a babur ya sauke ni Fagam, in kwana biyu, ƙafata ƙafar Baba cikin jeji. Ashe duk itatuwan da nake wucewa ina neman itacen girki, kowanne da aikinsa. Ya nuna mini gwandar daji, ya sa na murza ganyenta na shinshina. Ya nuna mini hano, mai ɓawo kamar takarda, da tsada, da taura, da marke, da kaucin da yake fitowa a kan ɗorawa. Da muka isa gindin sanya sai da ya cire takalmi, ya ce ita ce uwar magunguna, kuma ita ce mai kashe wanda bai san awonta ba. Ta ɓangaren gabas yake tonawa, ya ɗauki saiwa kaɗan, ya zuba gero cikin tafin hannu a ramin, ya mayar da ƙasa ya danne. Bai taɓa ɓamɓare ɓawo ya zagaye itace ba. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, me ya sa wannan, me ya sa wancan, har wata rana na tsokane shi.

“Baba, ai wanzami ma da ƙarfe ya cire mini beli, ga ni ban mutu ba.”

“Belinki daji ne? Tona, ki rage surutu, kin fi tsuntsayen gero hayaniya.”

Yana faɗa yana dariya. A jeji Baba wani mutum ne dabam, ba wannan mai ɗaure fuska na zaure ba. Har waƙar noma yake yi a hankali idan ya zaci ba na ji.

A gida kuma na karɓi wurin Inna a cikin ɗakin jinya. Mace za ta kwance zane, in shafa hannuna da man shanu in taɓa, Baba yana jefo tambaya ta bayan zana: da zafi? Ya yi ja? Yana gudu a ƙarƙashin yatsa ko ya kafe? Ba a jima ba yatsuna suka gane iri biyu ne. Akwai mai zafi, mai zogi, wanda yake hana mace barci, sau da yawa mai shayarwa yake kamawa. Wannan da idona na ga an ɗora masa haɗin Baba ya nuna ya fashe, mace ta tashi garau tana shi masa albarka. Akwai kuma mai sanyi, ba zafi ba ciwo, tauri kamar ƙwallon goriba, ya kafe wuri ɗaya. Baba ya ce duka daji ne, sai dai mai sanyin yana da nawa. Irinsa mace takan yi 'yan makonni a wurinmu, sannan a haɗa mata ƙullin magani ta koma gida ta ci gaba da sha.

Cikin masu irin wannan akwai Dije, daga Yalwan Damai, gidan masu shanu. Doguwa ce, mai wushirya, ga ban dariya. Da aka ce ta cire 'yan kunne sai ta miƙo mini ta ce in ajiye da kyau, wai in na sa su mijina zai ƙara sona. Ni da ita muka shaƙu, tana koya mini burgar nono ina koya mata sunayen itatuwa. Ranar da za ta tafi Baba ya tambaye ta jiki ta bayan zana, ta ce da sauƙi sosai, Malam. Bayan wasu watanni sai ga rago da ƙwaryar man shanu daga mijinta, ɗan aiken ya ce a gaishe da Malam, an gode, Allah Ya saka. Baba ya yi ta murna, duk wanda ya zauna a zaure sai ya ba shi labarin matar Yalwan Damai. Ni ma har gida na zo ina ba babanku labari ina tafa hannu.

Bayan an gama girbi, wata rana da azahar ina wanka, hannuna ya faɗa kan wani abu a nonona na hagu. Na sake taɓawa. Ai yatsun nan sun riga sun yi karatu, ba su buƙaci tambayar kowa ba: mai sanyin ne. Za ku yi mamaki in na ce muku ban ji tsoro ba. Tsoron me? Ni 'yar Malam Mai Sassaƙe, wadda ta san gindin kowace saiwa? Na je na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, ya ce Allah Ya kawo shi inda ake maganinsa. Na cire 'yan kunnena da kaina. Baba ya shiga jeji ya haɗo mini abin da bai taɓa haɗa wa kowa ba don kyau, na riƙa sha safe da yamma ina yatsine fuska, ɗacinsa har cikin ƙwaƙwalwa. Wata ya wuce, wani ya bi. Abin bai ragu ba, sai ma na ji kamar ya ƙara faɗi, fatar wurin ta fara lotsawa. Babanku ya shiga damuwa, wata rana ya kasa haƙuri.

“Uwani, ga asibiti nan Birnin Kudu, kusa da mu. Mu je ko dubawa su yi.”

“Su duba da me, Malam? Da allura? So kake a ce 'yar mai magani ta gudu daga maganin ubanta? Ai Dije ma nata ya fi nawa girma.”

Ina faɗar sunanta sai wata dabara ta faɗo mini, har na tashi zaune don daɗi. Me zai hana in je in ganta? Ta gaya mini wata nawa nata ya yi kafin ya narke, mu yi dariya, babanku ya gani da idonsa ya kwantar da hankali. Washegari na soya ƙosai cike da samira, na ɗaura sabon zanena, muka hau babur. Duk hanya ina shirya tsokanar da zan yi mata, ina cewa zan ce ciwon nata ne ta bar mini a madadin 'yan kunne.

Da muka isa, babanku ya tsaya a waje, na shiga ina rangaɗa sallama ina kiran sunanta. Wata tsohuwa ce ta fito daga ɗaki da yarinya a goye, surukar Dije, kowa Goggo yake ce mata. Ta gane ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Na ce ina ƙawata, ko ta tafi tallar nono? Tsohuwa ta dube ni.

“'Yar nan, ashe ba ki ji ba. Dije ai ta riga mu gidan gaskiya. Wannan ta bayan nawa autarta ce.”

Na sauke samirar ƙosai daga cinyata na ajiye a ƙasa. Na ce yaushe? Ta ce ba ta daɗe da dawowa daga wurinmu ba abin ya fashe, ya ci ƙirjin, ya hau hammata. Na ce to ragon fa? Ragon da aka aiko?

“Bayan sadakar arba'in muka aika. Dattijo ya ciyar da ita, ya shayar da ita, ya yi mata addu'a kamar 'yarsa. Sai mu aika masa mu ce maganinka bai yi ba? Haba. Ina kunya? Kwananta ne ya ƙare, shi ya yi iya yinsa.”

Na fito ina ganin hanya bibbiyu. Amma kun san halina, in abu ya shige mini kai ba na iya ajiye shi. Kafin mu iso Surko na ce wa babanku gobe ma akwai tafiya. Na zauna na tuno duk matan da na taɓa da hannuna, na je na lallaɓi Inna da hira ta tuno mini na zamaninta da garuruwansu. Muka riƙa fita, yau wannan ƙauye, jibi wancan, ni in shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, inda Baba bai taɓa sa ƙafa ba. Masu mai zafin nan, wayyo, sai ka ga mace ta fito da gudu ta rungume ni, a yanka kaza, a kira maƙwabta a ce ga 'yar Malam. Waɗannan Baba ya yi musu aiki na gaskiya, ba mai ƙwace masa. Masu mai sanyin kuwa, duk gidan da na shiga marayu na tarar. Ko ɗaya ban samu a raye ba cikin waɗanda na iya kaiwa gare su. Kuma kowane gida amsarsu ɗaya da ta Goggo: ai ba a mayar wa dattijo alheri da baƙin labari. Wasu sun aika zakara, wasu dawa, wasu sun yi shiru kawai. Baba yana can bayan zana, wadda ta warke ta dawo da godiya, wadda ta mutu danginta su aiko da godiya. Ta ina zai sani?

Na tafi Fagam ban ko tsaya gaida Inna ba. Na same shi a zaure yana shanya saiwoyi, na durƙusa.

“Baba, na je Yalwan Damai. Dije ta rasu.”

“Inna lillahi. Allah Ya ji ƙanta. Wani ciwon ne ya same ta daga baya, ai mijinta ya aiko.”

“Shi ne ya kashe ta, Baba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, na bi gidajen…”

Ya ɗaga mini hannu. Bai taɓa yi mini haka ba.

“Ban aike ki ba, ban kuma tambaye ki ba. Me kike so ki ce?”

“Asibiti za ni.”

Ya daɗe yana juya wata saiwa a hannunsa. Na san ba sunansa kaɗai yake ji ba, tsakaninsa da Allah ya yarda cewa mutuwa zan kai kaina.

“Uwata, in ƙarfe ya taɓa shi, ba ni da abin da zan iya yi miki. Kuma ranar da aka ji 'yata ta tafi, ba mai sake shigowa gidan nan. Kin san haka?”

“Na sani, Baba.”

“To ki tashi ki je.”

Ya juya mini baya. Na fito ina kuka kamar yarinya, ga tsoron allura, ga baƙin cikin na bar jejin nan da na samu da kyar. Amma idan na rufe ido, autar Dije nake gani a bayan tsohuwa, sai in ga fuskar ƙaraminku a wurin.

A Birnin Kudu wata likita ta duba ni, ta ce za su ɗebi kaɗan da allura su aika a gwada. Da ƙarfen nan ya shiga na runtse ido ina salati, ina jiran in ji daji ya tashi ya bi jikina kamar wutar kara. Na jira, na jira. Sai ji na yi ana cewa Hajiya tashi, an gama. Na buɗe ido ɗaya na ce shi ke nan? Har ma'aikatan sai da suka yi dariya. Da sakamako ya fito suka ce shi ne, na ɗan makara amma da sauran dama, suka tura mu Kano. Can aka cire nonon gaba ɗaya. Bayan na warke daga yankan aka fara ɗaura mini wani magani a cikin ƙarin ruwa, lokaci bayan lokaci. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sha wuya. Gashina da nake taƙama da shi ya zube tas, bakina ya yi gyambo, ko ƙanshin miya na ji sai amai. Babanku ya sayar da shanun nomansa, ya koyi dama kunu, ya yi ta jigila bai taɓa yin tsaki ba. Inna tana aiko da gaisuwa da tsamiya. Baba kuwa ko saƙo. Labari ya riga ya zaga ƙasar Gwaram, aka ce ɗakin jinya ya koma wurin ajiye kara.

Amma ko a gadon asibiti bakina bai mutu ba. Duk abin da aka rataya mini sai na tambaya, har suka sa mini suna Hajiya Me-ya-sa. Wata rana na tare likitan da yake duba mu na ce, wannan ruwan da yake zubar mini da gashi, da me ake yinsa? Ya ce kala-kala ne, amma ɗaya daga cikinsu asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi, a can ƙasashen sanyi. Aka tace, aka ware abin da yake aiki, aka gwada a kan mutane da yawa, ana bin kowa a ga wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, har aka san awonsa. Jama'a! Na yunƙura zan tashi har ƙarfen ratayar ruwan ya yi tangaɗi. Sassaƙe! Ashe sassaƙe ne yake bin jijiyata! Na ce likita maimaita, ya maimaita. Na ce ganyenta yaya yake, tana 'ya'ya, a dutse take fitowa ko a fadama? Ya nuno mini hotonta a wayarsa, na ƙura ido kamar zan shige ciki. Ranar amai ma mantawa na yi da shi. Mutum ɗaya ne a duniya nake so in gaya wa, shi kuma ba ya magana da ni.

Da aka gama ba ni maganin, suka ce jikina ya karɓa, in riƙa dawowa ana dubawa. Ko mako ban yi a Surko ba na ce a kai ni Fagam. Na rame kamar sillen kara, na naɗe kan da babu gashi da ɗankwali biyu. Na tarar da Baba a zaure shi kaɗai, ya tsufa fiye da yadda na bar shi, tabarmin baƙi a naɗe a jingine. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice bai ɗago ba. Na yi niyyar in yi zaman ladabi, wallahi na yi niyya. Ban kai ko'ina ba abin ya ƙwace mini.

“Baba, ka san maganin da suka sa mini daga ɓawon itace aka samo shi?”

Sai na ga kunnensa ya motsa.

“Wane itace?”

“Babu shi a ƙasarmu. Ganyensa sirara ne kamar tsinke, ba ya kaɗewa ko da rani, 'ya'yansa jajaye.”

“Jiƙawa suke yi ko dafawa?”

“Tacewa suke yi, Baba, su fitar da ƙwayar abin. Kuma duk wanda suka ba sai sun bi shi sun ga ƙarshensa.”

Da na faɗi wannan sai ya ɗago. Tun da na shigo sai lokacin ya dube ni sosai, daga ɗankwalin har zuwa inda mayafina ya faɗa ciki a ɓangaren hagu. Idonsa ya cika. Ya ce ƙarfe ya taɓa shi? Na ce ya taɓa, har ya cire shi. Ya ce bai bazu ba? Na ce ga ni, Baba. Ya sa hannu ya rufe fuska, na ji yana hamdala a hankali, yana maimaitawa. Ni ma na fashe da kuka, Inna da take laɓe ta shigo tana share hawaye da bayan hannu. Da ya natsu sai ya gyara zama.

“Uwata, ranar nan na hana ki magana. Yanzu na tambaye ki. Wa da wa?”

Na fara da Dije. Ina faɗar suna da gari yana cewa Allah Ya ji ƙanta, wasu ya tuna har da abin da aka aiko masa bayan tafiyarsu. Da na kai kan wata da ya daɗe yana kafa misali da ita tun ina budurwa, sai ya ce in dakata, ya fita ya yi alwala, ya dawo ya ce in ci gaba. Bai katse ni ba har na gama.

Yadda ya ƙarasa shekarunsa kun gani da idonku. Ya ci gaba da maganin ƙuraje da kumburi mai zafi ga 'yan tsirarun da suke zuwa, duk wadda aka ji nata da tauri da sanyi kuwa Surko yake turo ta wurina in raka ta asibiti. Wasu sun tashi, wasu sun zo a makare. Sunan nan da ya kai Bauchi bai dawo ba har ya koma ga Allah. Amma safiyar da ta biyo bayan zuwana nake so ku riƙe, don ita ce ba a ba ku labari.

Da hantsi ya ce Inna ta ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a. Ya sa aka kira mai babur, babanku kuma ya tayar da nasa. Muka fito ƙofar gida, dattawan unguwa suna zaune a gindin cediya kamar kullum, waɗanda shekara da shekaru suke jin labarin warakarsa daga bakinsa. Suka ga Malam cikin farar riga ba ranar Juma'a ba, ga ni a bayansa, 'yar da aka ce ta kunyata shi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya.

“Malam, lafiya? Ina zuwa haka da kwalliya?”

Na sunkuyar da kai, na zaci zai ce unguwa za mu. Da ya faɗi haka ba wanda zai ƙara tambaya, kuma laifin zai ci gaba da zama a kaina ni kaɗai. Baba ya tsaya, ya juya ya fuskance su, ya yi magana yadda har na bakin masallaci sai da suka ji.

“Ta'aziyya za ni. Matan nan da na ce muku sun warke a hannuna, masu daji mai sanyi, sun mutu. Ban sani ba, sai da Uwata ta bi sawunsu. Zan je in gaida marayunsu.”

Ni dai ban taɓa jin girman ubana a zuciyata kamar a wannan lokacin ba, har ƙirjina da aka ɗinke sai da ya yi mini zafi. Ya tattare rigarsa ya hau bayan babur da kyar, sannan ya waiwayo.

“Ku shige gaba, Uwata. Ke kika san gidajen.”